Waƙar da kakata ta riƙe, da sunan da ya ɓata a hanya

Ina yaro a nan N'Djamena, kakata, Allah Ya jiƙan ta, takan rera Tabbat Haƙiƙa bayan isha'i har ta yi ƙwalla. Iyayenta mahajjatan ƙafa ne da guzuri ya ƙare musu a garin nan, tun ana kiran sa Fort-Lamy. Ka tambaye ta mai waƙar, ta ce Shehu. Rabin labarin ke nan. Shehu Usmanu da Fulatanci ya yi ta. Wadda ta sa mata bakin Hausa har ta kai ɗakin kakata, 'yarsa ce, Nana Asma'u.

An haife ta a Ɗagel wajen 1793. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da gawa tun ba ta san ciwon kanta ba. Daga baya ta auri Giɗaɗo, wazirin Muhammadu Bello. Ga miji, ga 'ya'ya, ga baƙin gidan waziri, a haka take rubutu da Larabci, Fulatanci da Hausa. Mutuwa ta yi ta ɗauke mata nata, Shehu a 1817, Bello a 1837, sannan Giɗaɗo, ta bi mutanenta da marsiya.

Abin da ya fi burge ni dabararta. Matan ƙauye ba su iya karatu ba, sai ta zuba ilimin a waƙa, ta naɗa jajis, ta ɗora musu malfa, suna jagorantar 'Yan Taru zuwa wurinta su haddace su koma gida su koyar.

A zamanin nan nata, can Jamus, akwai Fanny Mendelssohn, wadda ta tsara kiɗa sama da 400. Mahaifinta ya ce kiɗa ado ne gare ta, ba sana'a ba, waƙoƙinta shida ma da sunan ƙaninta Felix suka fito. Asma'u ba wanda ya hana ta, ubanta ne ma ya koyar da ita. Mu na baya muka yar da sunan.

Ta rasu a 1864, tana kwance a Hubbaren Shehu a Sakkwato. Shekaranjiya na tambayi 'yata, da ke ajin ƙarshe a Islamiyya, ko ta san ta. Ta ce, "Baba, wace Asma'un?"