Ko Ka Sani? Ƙarfen da Ake Ƙara wa Babur Don Ya Daina Zabura

Ko ka san akwai masu tseren babur da ke kashe maƙudan kuɗi don rage wa mashin nauyi, su canja kusoshi, su sauya salansa, sannan su dawo su sayi faifan ƙarfe na kusan gram 300 su ɗaura masa a cikin inji? Ba ruɗewa suka yi ba. Wannan ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu faɗi ba yana sauya halin babur fiye da kayan da suka ninka shi tsada.

Baburan da ake nufi su ne na tseren daji, masu dogayen ƙafafu da tayoyi masu haƙora, waɗanda injinsu mai bugu biyu ne, wato tu-sturok. Duk wanda ya san tsohuwar Vespa, ko ƙaramin janareta Tiger da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, ya san danginsu: ƙara mai kaifi da hayaƙi shuɗi-shuɗi. A irin wannan inji, fulogi yana ba da wuta a kowane zagaye na karanshaf, saɓanin mai bugu huɗu da ke jiran zagaye biyu. Yamaha YZ250, wadda ta fara fitowa a 1974 kuma har gobe ana ƙera ta, nauyinta da mai da komai kusan kilo 103 ne. Idan injinta yana juyi 8,000 a minti, wuta na tashi a cikinsa sau 133 a daƙiƙa guda.

Ƙarfi kam akwai shi. Damuwar ita ce yadda yake zuwa. A shekarun 1950, wani injiniya na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas, Walter Kaaden, ya ƙware wajen ƙera salansa mai tumbi, wadda ke mayar da bugun iskar hayaƙi baya ya tura sabon mai cikin silinda kafin ƙofar fitar hayaƙi ta rufe. A 1961 matuƙinsu Ernst Degner ya tsere zuwa Yamma, ya koma Suzuki da ilimin a kansa, kuma a 1962 ya ci musu gasar duniya ta ajin 50cc. Daga nan dabarar ta game duniya. Sai dai salansar ba ta aiki sosai sai inji ya kai wani mizanin juyi. Ƙasa da nan babur yana tafiya lakwas, da ya taka wurin kuma sai ya zabura kamar an tsikare shi. A fili mai laushi, matuƙi gwani yana son wannan zaburar. A kan dutse mai santsi ko saiwar itace jiƙaƙƙiya, tayar baya ce za ta yi ta wulwulawa a banza, ko kuma gaba ya ɗaga sama mutum ya tsinci kansa a ƙasa.

A nan faifan inji yake shigowa, wanda bakanikai ke kira fulayiwil. Yana maƙale a bakin karanshaf, kuma a babur shi ne ke ɗauke da maganaɗisun da ke samar da wutar fulogi. Babban aikinsa dai ajiya ne. Idan wuta ta tashi ta tunkuɗa fistin, faifan yana karɓar wani kaso na ƙarfin ya riƙe a cikin juyinsa, sannan ya mayar lokacin da fistin ke hawa yana matse iska da mai, lokacin da babu abin da ke tura shi.

Wanda ya taɓa tsayawa a wurin niƙa ya ga wannan da idonsa. Mai inji yana juya handil, ƙatuwar ƙafar ƙarfen nan ta soma juyi da ƙyar, sannan ta kama. Idan ya zuba masara da yawa lokaci guda, ƙarar injin takan yi ƙasa, ya yi kamar zai mutu, amma ƙafar ta ja shi ya wuce. Ko an kashe shi, sai ta ɗauki lokaci tana juyi kafin ta tsaya. Faifan babur ƙanin wannan ƙafa ne.

Lissafin abin yana da ban sha'awa. Ƙarfin da faifai ke ajiyewa ba ya raguwa daidai da raguwar juyi: idan juyi ya ragu da rabi, abin da ya saura a ajiye kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Shi ya sa babur mai faifai maras nauyi yake mutuwa farat ɗaya idan matuƙi ya rage gudu a gaban dutse ko ya taka birkin baya da ƙarfi. Ajiyar ta ƙare, fistin ya kasa haye matsi. Haka kuma wurin da nauyin ya zauna ya fi yawansa muhimmanci. Gram 300 da ke nesa da tsakiya da santimita 5 yana aikin ninki huɗu na gram 300 da ke santimita 2.5. Don haka ake ƙera ƙarafan da ake ƙara wa faifan da kauri a gefe.

Masu wasan tirayal, wato hawan duwatsu a hankali ba tare da sa ƙafa a ƙasa ba, sun daɗe da gane wannan. A 1965 Sammy Miller ya ci gasar kwana shida ta Sikotilan a kan Bultaco Sherpa T, babur mai bugu biyu ƙirar Sifaniya, ya kawo ƙarshen mulkin manyan baburan Ingila masu bugu huɗu a wannan fage. Har yau baburan tirayal da faifai mai nauyi suke fitowa. Matuƙi yakan riƙe kuloci, ya murɗa totur faifan ya cika da juyi, sannan ya saki, ajiyar ta cilla shi saman dutsen da ya kai tsayinsa.

Wannan ilimi ya bi 'yan tirayal zuwa tseren daji mafi wuya. A gasar Erzberg, wadda ake yi tun 1995 a wata mahaƙar ƙarfe a Ostiriya, mutum 500 ne ke tashi a tseren ƙarshe, ana ba su awa huɗu, kuma a wasu shekarun waɗanda ke kammalawa ba sa cika goma. Taddy Blazusiak ɗan ƙasar Polan, wanda ya ci sau biyar a jere daga 2007 zuwa 2011, daga tirayal ya fito, haka ma Graham Jarvis na Ingila. A Erzberg, da kuma gasar Roof of Africa ta tsaunukan Lesoto, baburan da suka fi yawa a sahun gaba masu bugu biyu ne na 250cc da 300cc, kuma galibi kamfanoni suna ba su faifai mafi nauyi fiye da na 'yan'uwansu na filin tsalle-tsalle. Wanda ya mallaki babur ɗin fili yake son shiga daji da shi, shi ne ke neman ƙarin ƙarfen. Kamfanin Steahly na Amurka ya yi suna wajen ƙera su, daga masu kusan gram 200 zuwa masu kusan 400.

Akwai wata magana da ta yaɗu cewa ƙarfen yana cinye ƙarfin inji. Ba haka ba ne. Mai da iska da wuta suna nan yadda suke, kuma idan juyi ya daidaita, ƙarfin dawakin injin bai ragu ba. Abin da ya sauya shi ne saurin hawan juyi da saukarsa. Zaburar nan ta zama turi mai tsawo, tayar baya ta samu damar cizon ƙasa, hannun matuƙi ya huta da yawan wasa da kuloci. Bayan awa uku a daji, wannan hutun ba ƙaramin abu ba ne.

Amma fa ba kyauta ake samu ba. Babur yakan rage kuzari wajen fita daga kwana, kuma idan an saki totur juyi ba ya faɗuwa nan take, sai mutum ya ƙara dogaro da birki. A cikin rairayi mai zurfi, inda ƙasar da kanta take danne inji, ƙarin nauyi cikas ne, don a nan ana son juyi ya hau da sauri.

Ɗaurawa ba ta da wuya. Ana buɗe murfin gefen inji, a riƙe faifan kada ya juya, a kwance notin bakin karanshaf. A nau'o'i da yawa ƙarfen ne ke maye gurbin notin, ana murɗa shi a kan zaren, a kulle da ƙananan sukurori. Wani lokaci sai an sa abin da zai ɗan ɗago murfin don kada su gogi juna. Inda ake kuskure shi ne ɗauri. Dole a wanke zaren tsaf, a sa man kulle zare, a ɗaure daidai awon da kamfani ya faɗa, domin ƙarfen da ya kwance a juyi 8,000 yana iya fasa murfi ya lalata zaren karanshaf.

Don haka mai hawan duwatsu da laka da hanyoyin daji masu kwana-kwana, gram 250 zuwa 300 zai yi masa rana. Wanda yawancin hawansa a rairayi ne ko fili mai faɗi, gara ya bar faifansa yadda kamfani ya ƙera shi.