Ruwan Jakara: Dalilin Haɗa Kan Masana Wajen Bincike

Kogin Jakara ya taso ne daga cikin Birnin Kano, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, sannan ya zuba a madatsar ruwa ta Wasai, ƙaramar hukumar Minjibir. Da wannan ruwa manoman rani da dama ke shayar da latas da alayyafo.

Kamfanonin jima suna amfani da sinadarin kuromiyam, wanda ba ya ruɓewa. Yakan taru a ƙasa, ya shiga ganye, ya ƙare a jikin mai ci.

Fannin ilimi ɗaya ba zai magance wannan ba. Injiniyan sinadarai, irin waɗanda Jami'ar Bayero ke horarwa, shi ke tsara yadda za a tace dagwalo kafin a sake shi. Masanin ƙasar noma ya auna abin da ya taru a fadama, likita kuma ya duba lafiyar jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka muna kira ga dagatai, masu unguwanni da malaman gona da su ba masu bincike haɗin kai idan sun zo ɗibar ruwa da ƙasa domin gwaji, kuma su nemi a sanar da su sakamakon.