Masu Leƙa Randa Da Tsofaffin Tayoyi: Me Suke Nema, Wa Ke Biyansu?

'Yan'uwa, idan ma'aikatan lafiya ko ɗaliban jami'a suka yi sallama a gidajenmu na 220 Logements suna son leƙa randa da duro, kada mu ɗauka raini ne. Sauro suke bi.

Sauron da ke damunmu iri biyu ne. Anofilis na cizo da dare, shi ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Aedes kuwa da rana yake cizo, shi ke ɗauke da dengi da shawara. Abidjan ta sha annobar shawara a 2001, dengi kuma ta ɓarke a 2017 da 2019. Aedes ba ya buƙatar kwata. Ruwan da ya kwanta cikin tsohuwar taya, ko duron alwala da aka bari a buɗe a harabar masallaci, ya ishe shi. Ƙwansa na jure bushewa watanni, da ruwa ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe, cikin kamar kwana 10 ya zama sauro. Shi ya sa zubar da ruwa kaɗai bai wadatar ba, sai an goge cikin mazubin. Mu sa shi cikin aikin kowace Juma'a.

Tsutsotsin da aka kwasa ana rainonsu a ɗakin bincike, a gwada musu maganin ƙwari a ga nawa za su mutu. A 2012 masana daga cibiyar bincike ta Suwizalan da ke Adiopodoumé, wadda aka kafa a 1951, tare da abokan aikinsu na Liverpool a Ingila, sun nuna cewa sauron Tiassalé ya daina jin duk rukunoni huɗu na maganin da ake amfani da su a lokacin. Ba don wannan gwaji ba, da an ci gaba da sayen maganin da sauro ke wanka da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Muna da Jami'ar Nangui Abrogoua a maƙwabtanmu, da cibiyar tsaftar jama'a ta ƙasa a Treichville, amma kaso mai yawa na kuɗin yaƙi da sauro daga waje yake zuwa, irin su Asusun Duniya da gwamnatin Amurka. Da Amurka ta datse tallafinta a 2025, shirye-shirye da dama a Afirka sun girgiza. Sa ido kan sauro kuwa aiki ne na kowace damina, alhali tallafin bincike na shekaru kaɗan ne, kuma mai bayarwa ke zaɓen tambayar da za a bincika.