Zaɓen Ƙaramar Kwaleji a Amurka: Abin Dubawa Kafin Neman Gurbi da Wuri

A tsarin ilimin Amurka akwai wani rukunin makarantu da sunansu bai kai na manyan jami'o'i tafiya a duniya ba, amma a cikin gida ana ganin darajarsu ƙwarai. Su ne ƙananan kwalejojin da ake kira liberal arts, masu ba da digirin farko cikin shekara huɗu. Yawancinsu ba su tara ɗalibai fiye da 3,000, kusan kowa a cikin makaranta yake kwana, kuma farfesoshi ne da kansu ke shiga aji. Ɗalibi ba ya shigowa da fanni a hannu. Yakan taɓa tarihi, lissafi, kimiyya, adabi da falsafa, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ya tsayar da fannin da zai zurfafa a ciki. Wasu daga cikinsu tsofaffi ne sosai: an kafa Williams a 1793, Bowdoin a 1794, Amherst a 1821, Swarthmore a 1864. A irin wannan makaranta ce, Macalester da ke jihar Minnesota, marigayi Kofi Annan ɗan Gana ya kammala digirinsa a 1961.

Hanyoyin neman gurbi

Hanyar da aka saba ita ce ɗalibi ya aika takardunsa makarantu da dama a watan Janairu, amsoshi su fito ƙarshen Maris, ya kwatanta, ya zaɓi ɗaya kafin 1 ga Mayu. Hanya ta biyu, Early Action, ana nema da wuri, amsa ta zo da wuri, ba tare da wani ɗauri ba. Ta uku, wadda fitattun ƙananan kwalejoji suka fi amfani da ita, ita ce Early Decision. A nan kwaleji ɗaya tak ake nema, yawanci kafin 1 ko 15 ga Nuwamba, amsa ta fito tsakiyar Disamba. Ɗalibi da mahaifinsa ko mahaifiyarsa da malamin da ke ba shi shawara a sakandare duk suna sa hannu kan yarjejeniyar cewa idan an ɗauke shi zai je, kuma zai janye takardun da ya aika wasu wurare. Alkawari kaya ne: wanda ya saɓa ba tare da hujja ba yana iya rasa gurbin, ya kuma ɓata sunan makarantarsa a idon kwalejin.

Amsar da ke fitowa a Disamba iri uku ce: ko a ɗauka, ko a ƙi, ko a jinkirta hukunci zuwa zagayen gama-gari, wato hanyar da aka saba. Wanda aka jinkirta wa ya fita daga ɗaurin. Kwalejoji da yawa suna da zagaye na biyu mai irin wannan sharaɗi, wanda ake rufewa a Janairu a ba da amsa a Fabrairu.

Kason ɗaliban da ake ɗauka a wannan hanya yakan fi na zagayen gama-gari, domin kwaleji tana son ɗalibin da ta tabbata zai zo. Sai dai alƙaluman na iya ruɗin mutum. A kwalejojin ƙungiyar wasanni ta NESCAC, irin su Williams, Bowdoin da Middlebury, 'yan wasan da masu horarwa suka riga suka nemo galibi ta wannan ƙofa suke shiga, kuma a makaranta mai ɗalibai 2,000 yawansu yana ɗaga kason sosai. Saboda haka ribar da ɗalibi na gama-gari ke samu ba ta kai yadda lissafin ya nuna ba. Yawancin kwalejoji suna wallafa wata takarda mai suna Common Data Set a shafinsu na intanet, inda ake ganin yawan waɗanda suka nema da wuri da yawan waɗanda aka ɗauka.

Kuɗi ne tambaya ta farko

A fitattun kwalejojin nan kuɗin karatu da masauki da abinci ya haura dala 80,000 a shekara. Masu arziki daga cikinsu suna ba da tallafi gwargwadon buƙatar iyali, bayan an cike takardar bayanin dukiya, wadda galibi ita ce CSS Profile. Babbar asarar da ke cikin neman gurbi mai ɗauri ita ce ɗalibi ba zai ga tayin wasu makarantu ba balle ya kwatanta. An yarda a sake shi idan tallafin da aka ba shi bai isa ba, amma a lokacin ya riga ya ƙona damarsa ta zagayen farko.

Ga ɗalibin da ba Ba'amurke ba, dole a bambance kwalejin da ke duba aljihun mai nema kafin ta yanke hukunci da wadda ba ta dubawa. Amherst da Bowdoin suna cikin 'yan ƙalilan da ba su dubawa ko da ga baƙi. A sauran, neman tallafi mai yawa yana rage damar shiga. Dokar Amurka ta wajabta wa kwalejoji sanya ma'aunin ƙiyasta kuɗi a shafinsu, sai dai an tsara shi ne bisa harajin 'yan ƙasa, don haka ɗalibin waje ya fi dacewa ya rubuta wa ofishin tallafi kai tsaye. Batun biza ma abin bincikawa ne tun farko, domin ƙa'idojinta suna canzawa. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta taƙaita shigar 'yan ƙasashe da dama, ciki har da Chadi da Sudan.

Tsarin karatu

A takarda kwalejojin suna kama da juna, amma yadda ake karatu a cikinsu ya sha bamban. Amherst ba ta tilasta wa ɗalibi rarraba darussa a fannoni daban-daban, kuma Grinnell da ke Iowa darasi ɗaya ta wajabta wa kowa a shekarar farko. Wannan ya dace da mai iya tsara kansa. St. John's kuwa akasin haka take: kowa tsari ɗaya yake bi na karanta manyan littattafan Yammacin duniya. Williams ta yi suna da darasin da ɗalibai biyu ke zama da farfesa ɗaya kowane mako, ɗaya ya rubuta maƙala ɗayan ya yi mata sharhi, salon da aka ɗauko daga Oxford ta Ingila. A Colorado College darasi ɗaya ake yi tsawon mako uku da rabi kafin a shiga na gaba. Reed da ke Oregon ta wajabta wa kowane ɗalibi rubuta kundin bincike a shekarar ƙarshe.

Ƙaramar makaranta ƙananan sassa gare ta, kuma wani sashen malamai huɗu ko biyar ne ke riƙe da shi. Mai neman gurbi zai amfana idan ya duba jerin darussan da aka koyar a shekarun baya, ba waɗanda ke cikin littafin talla ba. Haɗin gwiwa yana rage wannan ƙunci. Pomona da ke Kalifoniya tana maƙwabtaka da wasu kwalejoji huɗu a garin Claremont, ɗalibai suna ɗaukar darasi a tsakaninsu. Haka Amherst take da Smith da Mount Holyoke da Jami'ar Massachusetts. Injiniyanci sai a wasu 'yan kaɗan, kamar Swarthmore, Smith da Harvey Mudd. Likitanci da lauyanci kuwa a Amurka bayan digirin farko ake karanta su, don haka waɗannan kwalejoji shiri suke yi wa ɗalibi, ba su yaye likita.

Wuri da rayuwa

Shekara huɗu a cikin jama'a 2,000 ba ƙaramin zama ba ne. Williamstown, inda Williams take, ƙaramin gari ne a cikin tsaunuka, tafiyar kusan awa uku a mota daga Boston. Swarthmore tana da tashar jirgin ƙasa da ke kai mutum birnin Philadelphia cikin kusan rabin awa. A Maine da Vermont da Minnesota hunturu yana da tsawo, da ƙanƙara da gajeriyar rana, abin da ke taɓa lafiya da walwalar wanda ya taso a ƙasar zafi. Ɗalibi Musulmi zai so ya san ko akwai wurin salla, da limami ko ƙungiyar ɗalibai, da abincin halal, da tanadin sahur a watan azumi. Macalester, misali, tana birnin St. Paul, yankin da ke da ɗimbin Somaliyawa da masallatai. Iyalan da suka fi natsuwa da makarantar mata zalla suna da Wellesley, Smith, Mount Holyoke, Bryn Mawr da Barnard.

Tace zaɓi

Gani ya kori ji, amma wanda ba zai iya kai ziyara ba yana da wasu hanyoyi: zaman bayani ta intanet, jaridar ɗaliban kwalejin, wadda ba ta ɓoye ƙorafi, da hira da ɗaliban da ke can. Cibiyoyin EducationUSA, irin na Abuja da Legas, suna ba da shawara kan wannan. Jadawalin matsayi da mujallu ke fitarwa kowace shekara ba ya nuna bambancin da ya shafi rayuwar ɗalibi tsakanin kwaleji ta uku da ta takwas. Ya kamata kuma a ci gaba da shirya takardun sauran makarantu, domin tsakanin amsar Disamba da wa'adin Janairu mako biyu ne kawai ko ɗan fiye.

Neman gurbi mai ɗauri ya dace ne idan abu uku sun haɗu: kwalejin ita ce zaɓin farko ba tare da shakka ba, iyali sun san abin da za su biya kuma za su iya, sannan sakamakon ɗalibi ya kai na waɗanda ake ɗauka. Idan ɗaya ya ɓace, jiran zagayen gama-gari ya fi alheri.