Kalmar Turanci Mai Nufin Komawa Ƙasar Uba

Duk mutumin Gombe da ke zaune a Ikko ko Badun ba zai rasa jin kalmar nan ta "repatriation" a rediyo ba, musamman idan an kwaso 'yan Nijeriya daga wata ƙasa an dawo da su. Ma'anarta ita ce mayar da mutum ƙasarsu ta asali.

Kalmar ba ta Ingilishi ba ce tun fil'azal. Turawa sun aro ta daga Latin, harshen Rumawan dā. Gaɓar farko, "re", tana nufin sake ko komawa. "Patria" kuwa ƙasar haihuwa ce, daga "pater", watau uba. Ashe ke nan Bature da Bahaushe bakinsu ɗaya: gida shi ne gidan uba.

Wani ya kan koma don kansa, wani kuwa tilas ce ke mayar da shi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Dokta Busia ta Ghana ta ba baƙi marasa takardu mako 2 su fita, aka kwararo gida har da Hausawan zango waɗanda ba su taɓa taka ƙasar iyayensu ba.

Gombe ma ta ga nata irin komawar. Da aka yanke Jihar Gombe daga Bauchi ran 1 ga Oktoba, 1996, ma'aikatan gwamnati 'yan asalinta suka tattara iyalinsu suka koma sabuwar hedkwata, ko da an haifi 'ya'yansu a Bauchi.

Nan ne abin ya shafi mazauna kudu. Yaron da aka haifa a Agege ko Sabo, ranar da zai nemi shiga soja ko aikin gwamnatin tarayya, za a tambaye shi takardar shaidar asali, kuma galibi daga ƙaramar hukumar mahaifinsa ake karɓo ta. Idan uban ɗan Jekadafari ne ko Bolari, can za a nemi wanda ya san gidansu, kamar mai unguwa.

Saboda haka ya kamata magidanci ya riƙa kai 'ya'yansa Gombe, ko da lokacin Sallah ne, dangi su san su tun yana da rai. Hausawa dai sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.