Jar Akuya ko 'Yar Ƙasar Waje: Wacce Ta Dace da Bakin Tafkin Kainji?

Duk wanda ya ga bunsurun Boer a karo na farko sai ya yi mamaki. Fari ne mai jan kai da faffaɗan ƙirji, nauyinsa kan kai kilo 100, alhali jar akuyarmu da wuya ta wuce kilo 30. Shi ya sa matashin da ya tara ɗan jari a Shanga ko Yauri ko Ngaski kan yi tunanin ya fara kiwo da irin waɗannan baƙin awaki. Kafin ya zuba kuɗinsa, ya kamata ya saurari abin da ilmin halittu ya ce.

Kowace dabba tana ɗauke da gadon wurin da kakanninta suka rayu. Manoman Afirka ta Kudu ne suka yi ta zaɓen iri har suka fitar da Boer domin nama, kuma tana bunƙasa ne a busasshiyar ƙasa mai sarƙaƙiya, inda take cin ganyen itatuwa. Ita kuwa Saanen, wadda ake yabo saboda madara, asalinta ƙasar Suwizalan ce mai sanyi da duwatsu, zafin bazararmu yana wahalar da ita ƙwarai. Girma da yawan nono da aka san su da shi ba sa bayyana sai an ba su irin abinci da kulawar da suka saba.

To, mu dubi namu wurin. Tun da aka kammala madatsar ruwan Kainji a 1968, bakin kogin Kwara ya zama tafki mai cika da janyewa kowace shekara. Idan ruwa ya ja baya sai ya bar ciyawar burugu, abinci mai kyau a lokacin da sauran daji ya bushe. Amma a wannan danshin ne katantanwar da ke ɗauke da tsutsar hanta take hayayyafa. 'Ya'yan tsutsar sukan fita daga jikin katantanwa su manne a ciyawa, dabba ta haɗiye su, su ratsa zuwa hanta. Da damina kuma ga tsutsar ciki mai shan jini, wadda ke sa idon akuya ya yi fari, haɓarta ta kumbura. Ga kaska, ga kuma ƙudan tsando mai kawo sammore a kurmin bakin rafi. Jar akuya ma tana kamuwa da waɗannan cututtuka, kada a yi zaton ba ta ciwo. Bambancin shi ne ta daɗe tana fama da su da zafi da ƙarancin abincin rani, ta saba jurewa a kan harawa da dusa kaɗan.

Abin da ya kamata mai kiwon kasuwa ya ƙirga shi ne 'ya'ya nawa suka rayu har aka sayar, da kuma nawa aka kashe a kansu. Cikin akuya kwana 150 ne ko kusa da haka. Jar akuya tana balaga da wuri, tana yawan haifar tagwaye, idan ta sami kulawa takan haihu sau uku a shekara biyu. Kuɗin bunsurun Boer ɗaya zai sayi jajayen awaki masu yawa, mutuwar ɗaya daga cikinsu ba za ta karya mai su ba.

Akwai kuma fata, wadda mukan manta da ita. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka yi mata laƙabi da fatar Maroko, saboda ta can ta isa gare su. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga darajar wannan akuya har suka buɗe mata cibiyar kiwo a Maraɗi tun farkon shekarun 1960. A nan gida, cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta daɗe tana nazarinta.

Ba na cewa baƙon iri ba shi da amfani. Idan aka haɗa bunsurun Boer da jar akuya, 'ya'yan farko sukan fi uwarsu saurin girma, su kuma gaji wani abu na juriyarta. Sai dai wannan ƙarfi yana raguwa idan ruwa-biyun suka ci gaba da barbarar junansu ba tsari, kuma fatar ba za ta zama irin wadda majema ke nema ba. A ganina wannan hanya ta dace da wanda ya riga ya ƙware: yana da garke mai rufi da busasshen daɓe, ya tanadi harawar wake da ta gyaɗa, yana ba da maganin tsutsa a kan lokaci, yana kuma yin rigakafin cutar PPR, mai zuwa da zawo da majina ta share garke, wadda cibiyar Vom ke samar da allurarta.

Mai farawa kuwa ya nemi jajayen awaki daga gidan da ya san tarihinsu, ya keɓe duk sabuwar da ya sayo a kasuwa na mako biyu zuwa uku kafin ta shiga garke. Ya buɗe littafi yana rubuta wadda ta haifi tagwaye da wadda 'ya'yanta suka fi girma, ya bar waɗannan don iri, ya riƙa sauya bunsuru kada ya barbari 'ya'yansa. Ta wannan hanyar ce masu Boer ɗin suka samu tasu.