Abin da baƙar majinar Landan ke gaya maka

Wanda ya yi mako guda yana hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan ya san wannan: ka koma masauki, ka fyace hanci, sai ka ga baƙi-baƙi a tishu. Akasari ƙurar ƙarfe ce da ke tashi daga gugar ƙafafun jirgi da dogo da birki. Da majina ba ta tare ta ba, da huhu ta nufa.

Majina kusan duk ruwa ce, wajen kashi 95 cikin 100. Abin da ke ba ta yauƙi wani sinadari ne da masana ke kira miyusin: dogon zaren furotin da rassan sukari suka lulluɓe, har sukarin ya fi furotin ɗin nauyi. Rassan nan su ke riƙe ruwa su kumbura, kamar yadda ɗan garin kuɓewa kan ɗaure tukunyar miya. Ƙura da ƙwayoyin cuta su maƙale a ciki, wasu 'yan gasu a maƙogwaro su turo su sama, mu haɗiye ba mu sani ba. Har ciki ma miyusin ne ke taimakawa wajen kare shi daga ruwan tsamin da ke narka abinci.

Landan ta ga abin da ke faruwa in aikin ya fi ƙarfinsa. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya rufe birnin kwana biyar, dubbai suka mutu da ciwon ƙirji. A asibitin Brompton, Lynne Reid ta nuna yadda wuraren da ke samar da kaki ke yin kauri a huhun masu daɗaɗɗen tari.

Inda mu baƙi muke yawan saɓani da likitocin nan shi ne launi. A gida, kaki na yin kore sai a wuce kemis a sayo Ampiclox. Nan kuwa GP zai ce ka sha ruwa ka huta, ka fito kana ƙunƙuni. Gaskiyarsa ce: koren daga fararen ƙwayoyin jini yake, masu yaƙi da cutar, kuma yawancin mura bairos ke kawo ta, antibayotik bai taɓa shi.

Amma tarin da ya wuce mako uku, ko jini a kaki, ko gumin dare da rama, wannan kada ka jira. Tarin fuka bai ƙare a Landan ba, gwajinsa da maganinsa kuma kyauta ne a NHS, ko wace irin takarda kake da ita.